Haɗa Dukkan Layukan Jadawali Biyu a Rumbun Bayanai: Matsalar Sunayen Garuruwa a Bande da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Duk mai tsara aikin yaƙi da jahilci yana buƙatar jeri biyu a gabansa kafin ya yanke shawarar inda za a buɗe sabon aji. Na farko shi ne jerin garuruwa da yawan mutanen da ke cikinsu, wanda masu ƙidayar jama'a ke fitarwa. Na biyu kuwa jerin cibiyoyin karatun manya, wanda ma'aikatan yaƙi da jahilci ke tarawa. A da akawu ne ke shimfiɗa takardun nan biyu gefe da gefe, yana bin su da yatsa, yana sa alama a gaban garin da ya samu aji. Yanzu ana zuba su a kwamfuta, a umurce ta da ta haɗa su. Aikin ya yi sauri ƙwarai, amma ya zo da wani haɗari da akawu ba ya fuskanta: garin da na'ura ba ta samo masa abokin haɗi ba yana iya ficewa daga sakamakon gaba ɗaya, ba tare da wata alama ta nuna cewa ya fice ba. Sau da yawa kuwa garin da ya fice ɗin shi ne wanda ba shi da aji, watau shi ne ainihin wanda aka shiga aikin domin a gano shi.

Wannan maƙala ta yi bayanin hanyoyin da ake bi a haɗa dukkan layukan jadawali biyu, da abin da kowace hanya ke riƙewa da wanda take zubarwa. Ta kuma nuna cewa babban abin da ke hana layuka haɗuwa a ƙasar Hausa ta Nijar matsala ce ta rubutu, wadda ta shafi masana harshe kai tsaye. An ɗauki ƙaramar hukumar Bande da gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram a matsayin fagen misali.

2.0 Ma'anar kalmomi

Da yake kalmomin wannan fanni ba su gama zaunawa a Hausa ba, ya kamata a fayyace waɗanda aka yi amfani da su a nan.

Rumbun bayanai shi ne ma'ajin da ake tara bayanai cikin tsari a kwamfuta. Jadawali shi ne jeri ɗaya a cikin rumbun, kamar jerin garuruwa. Layi shi ne abin da ke kwance a jadawali, yana ɗauke da bayanin abu guda, kamar gari ɗaya. Ginshiƙi shi ne abin da ke tsaye, yana ɗauke da bayani iri guda game da kowane layi, kamar suna ko yawan mata. Tambaya ita ce umarnin da ake rubuta wa rumbu domin ya fito da wasu layuka. Mabuɗi kuwa shi ne ginshiƙin da ake dogara da shi wajen gane cewa wannan layi na jadawalin farko da wancan layi na jadawali na biyu abu ɗaya suke nufi.

Tsarin ajiye bayanai a jadawalai masu alaƙa da juna ya samo asali ne daga wata maƙala da E. F. Codd na kamfanin IBM ya buga a 1970. A 1974 Donald Chamberlin da Raymond Boyce, su ma na IBM, suka gabatar da harshen tambaya wanda daga baya aka san shi da SQL. An daidaita ƙa'idarsa a Amurka a 1986, hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta karɓe shi a 1987, aka kuma faɗaɗa shi a 1992. Kalmomin umarninsa na Ingilishi ne, ba a fassara su a cikin na'ura, don haka an bar su yadda suke a misalan da ke tafe. Sunayen jadawalai da na ginshiƙai kuwa mai aiki ne ke zaɓensu, kuma babu abin da ya hana su zama na Hausa.

3.0 Fagen misali

Bande ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Magarya, a kudancin jihar Damagaram, ba nisa da iyakar Nijeriya. Yanki ne na manoma mai yawan jama'a da yawan ƙauyuka, inda ƙananan unguwannin noma da rugagen Fulani ke kewaye da manyan garuruwa. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar sun haura dubu ɗari.

Nijar ta yi ƙidayar jama'a a 1977, da 1988, da 2001, da 2012. Tsakanin ƙidaya biyun ƙarshe taswirar mulki ta sauya sau biyu. An kafa ƙananan hukumomi bisa dokar 2002, aka yi zaɓensu na farko a 2004. Sa'an nan a 2011 aka ƙirƙiro sababbin gundumomi, cikinsu har da Dungas, wadda aka yanko daga Magarya. Kafin wannan shekara Magarya tana da ƙananan hukumomi 11. Bayanta aka raba su kamar haka, bisa rubutun takardun hukuma:

(1) Magaria: Bandé, Dantchiao, Kwaya, Magaria, Sassoumbroum, Wacha, Yékoua

(2) Dungass: Dogo-Dogo, Dungass, Gouchi, Malawa

Wannan rabo ya sa duk mai son kwatanta halin yankin kafin 2011 da bayanta dole ya haɗa jadawalai. Bayan ƙidayar 2012 kuma Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, ta fitar da kundin garuruwan ƙasa da ake kira ReNaLoc, wanda ya jera garuruwa da ƙauyuka da yawan mutanensu. Shi ne jadawalin farko da mai tsara ajujuwa zai nema.

4.0 Ma'anoni uku na “haɗa duka”

Idan shugaban aiki ya ce wa mai kula da kwamfuta ya haɗa masa dukkan layukan jadawali biyu, maganar tana iya ɗaukar ma'ana uku, kowace da umarninta da sakamakonta. Rashin bambance su shi ne tushen kuskure na farko.

4.1 Ɗori

Ma'ana ta farko ita ce a ɗora jadawali ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, kamar yadda ake ɗora buhu kan buhu. Wannan ya dace da jadawalai masu siffa guda, watau yawan ginshiƙansu ɗaya ne, kuma kowane ginshiƙi yana ɗauke da irin abin da takwaransa ke ɗauke da shi. Jerin (1) da jerin (2) haka suke:

(3) SELECT suna FROM magarya UNION ALL SELECT suna FROM dungas;

Sakamakon (3) layi 11 ne, bakwai da huɗu, watau tsohuwar gundumar Magarya ta dawo cikakkiya. Abin lura a nan shi ne kalmar ALL. Idan aka cire ta, aka bar UNION kaɗai, na'ura za ta share duk layin da ya maimaita wani layi daidai wa daida, ta bar guda. A jerin ƙananan hukumomi wannan ba ya cutarwa, domin babu biyu masu suna ɗaya. A jerin ƙauyuka kuwa yana cutarwa sosai. Idan akwai Sabon Gari a Magarya, akwai wani Sabon Gari a Dungas, kuma sunan kaɗai aka nema, UNION zai mai da su gari guda. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce a fara da UNION ALL, a duba maimaicin da ido, kafin a share komai.

Haka kuma na'ura tana bin matsayin ginshiƙi ne wajen ɗori, ba ta duba sunansa. Idan jadawalin farko ya sa maza kafin mata, na biyu ya sa mata kafin maza, za ta ɗora su a haka ba tare da ƙorafi ba, tun da duka lambobi ne.

4.2 Gamin kowa-da-kowa

Ma'ana ta biyu ita ce a haɗa kowane layi na jadawalin farko da kowane layi na jadawali na biyu. Umarninsa shi ne CROSS JOIN, kuma yawan layukan da yake fitarwa shi ne na farko sau na biyu. Jerin (1) da jerin (2) za su ba da layi 28, bakwai sau huɗu. Yana da amfaninsa. Mai son fom ɗin rahoto wanda kowace ƙaramar hukuma ta Magarya ke da gurbi a kowane wata zai gama jerin (1) da jerin watanni 12, ya samu layi 84 da za a cike. Sai dai galibi ana faɗawa cikinsa ne bisa kuskure, idan aka ambaci jadawali biyu a tambaya aka manta da sharaɗin da ke ɗaure su. Alamarsa ba ta ɓuya: sakamako ya kumbura, jimillar mutane ta ninka sau da yawa.

4.3 Gami bisa mabuɗi

Ma'ana ta uku ita ce wadda ta fi shafar mai tsara yaƙi da jahilci. Jadawalan biyu ba siffarsu ɗaya ba: ɗaya na garuruwa ne, ɗaya na cibiyoyi. Ana so a jera su gefe da gefe, kowane gari da cibiyarsa. Domin kwatance kawai, a ɗauka kowane gari yana da lamba, kuma jadawalan suna ɗauke da waɗannan:

(4) garuruwa: 01, 02, 03, 04
cibiyoyi: 01, 03, 09

Gami iri uku ne ake iya yi musu. Gamin dace, wanda umarninsa shi ne INNER JOIN, yana fito da layukan da suka samu abokan haɗi kaɗai, watau 01 da 03. Shi ne kuma abin da na'ura ke yi idan aka rubuta JOIN ba tare da ƙarin bayani ba. Mai duba wannan sakamako zai ga kowane gari yana da aji, domin waɗanda ba su da shi sun ɓace. Gamin hagu, LEFT JOIN, yana riƙe dukkan layukan jadawalin da aka fara ambata: 01, 02, 03 da 04, inda gefen cibiya na 02 da 04 zai fito babu komai. Cikakken gami kuwa yana riƙe kowane layi na ɓangarorin biyu:

(5) SELECT * FROM garuruwa FULL OUTER JOIN cibiyoyi ON garuruwa.lamba = cibiyoyi.lamba;

Sakamakon (5) layi biyar ne, ya kuma kasu kashi uku. Kashi na farko garuruwa masu aji, 01 da 03. Kashi na biyu garuruwa marasa aji, 02 da 04, su ne abin da shirin baɗi zai duba. Kashi na uku cibiyar da ba a san garinta ba, 09. Wannan kashi na ƙarshe shi ne ma'aunin ingancin aikin duka. Cibiya ba ta tsayuwa a sarari. Idan babu garinta a jeri, to ko dai an yi kuskuren rubutu, ko an buɗe ta a wata unguwa ko ruga da masu ƙidaya suka lissafa ƙarƙashin babban gari, ko garin ya koma wata gunduma. Wanda ya gama jerin cibiyoyin tsohuwar Magarya da jerin garuruwan sabuwar Magarya zai tarar da dukkan cibiyoyin Dogo-Dogo da Dungas da Gouchi da Malawa a wannan kashi. Da gamin dace ya yi, da ba zai gan su ba sam, sai ya ɗauka yawan cibiyoyi ya ragu bayan 2011.

Ba kowace manhaja ce ke karɓar umarnin (5) ba. PostgreSQL da Oracle da SQL Server suna karɓarsa, SQLite ta ƙara shi a 2022. Inda manhaja ba ta da shi, kamar yadda aka daɗe ana fama a MySQL da Access, ana gina shi da mataki biyu: a yi gamin hagu, sa'an nan a ɗora masa, da UNION ALL, layukan cibiyoyin da ba su samu gari ba. Wasu kan ɗora gamin hagu kan gamin dama da UNION kaɗai, amma wannan yana da aibin da aka ambata a 4.1, na share maimaicin da yake na gaskiya.

5.0 Suna a matsayin mabuɗi

Misali na (4) ya ɗauka akwai lamba a jadawalan biyu. A aikin yau da kullum malamin aji ba lamba yake rubutawa a rahotonsa ba, sunan gari yake rubutawa, sai sunan ya zama mabuɗi. Na'ura kuwa tana kwatanta harafi da harafi ne. Abin da akawu ɗan ƙasa zai gane nan take a matsayin gari ɗaya, ita tana iya ganinsa gari biyu. Dalilan da ke jawo haka huɗu ne.

5.1 Rubutun Faransanci da rubutun Hausa

Takardun mulki sun gaji rubuta sunayen wurare da ƙa'idar Faransanci, yayin da malamin yaƙi da jahilci ya koyi ƙa'idar Hausa, ita kuma yake koyarwa. Ga wasu daga cikin bambance-bambancen:

(6) Bandé / Bande
Magaria / Magarya
Yékoua / Yekuwa
Wacha / Washa
Kantché / Kance
Tessaoua / Tasawa
Guidan / Gidan
Dan / Ɗan

Wasu daga cikinsu suna bin ƙa'ida: “ou” na Faransanci yana tsayawa a madadin “u” ko “w”, “ch” a madadin “sh”, “tch” a madadin “c”, “gui” a madadin “gi”. Ana iya koya wa na'ura waɗannan. Amma akwai abin da ba ya komuwa ta hanyar ƙa'ida. Rubutun Faransanci ba ya bambance “d” da “ɗ”, ko “k” da “ƙ”, ko “b” da “ɓ”, don haka daga Maradi ba za a iya sanin cewa Maraɗi ne ba sai an ji daga bakin mai harshen. Akwai kuma inda sunayen biyu ba su da wata alaƙar sauti, kamar Zinder da Damagaram. A irin wannan babu dabarar sauya haruffa da za ta yi aiki.

5.2 Sauyin ƙa'idar rubutun Hausa

Ita kanta ƙa'idar Hausa ba ta zauna wuri ɗaya ba. Bayan taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta shirya, littattafan yaƙi da jahilci na Nijar sun riƙa ninka wasali domin nuna tsawonsa. Taron Yamai na 1980 ya kusanto da rubutun Nijar da na Nijeriya, aka bar ninka wasula, sa'an nan ƙudurin ma'aikatar ilimi na 1999 ya tabbatar da ƙa'idar da ake bi a hukumance. Duk da haka bambanci ɗaya ya rage: abin da Nijar ke rubutawa da “ƴ”, ƙa'idar Nijeriya tana rubuta shi da ɗauri da “y”. Sunayen garuruwa masu farawa da Ƴan ko Ƴar suna da yawa, kuma a yanki irin na Magarya, inda littattafan Kano da Zariya ke shigowa ta kasuwa, malami ɗaya yana iya rubuta su ta hanya biyu. Wanda ya zuba tsofaffin rajistocin ajujuwa na shekarun 1970 a kwamfuta tare da na baya-bayan nan zai tarar da sunan gari ɗaya cikin kama uku ko huɗu. Ga kuma bambancin karin harshe, kamar Unguwar da Anguwal, wanda takardun hukuma kan rubuta Angoual.

5.3 Haruffa a cikin na'ura

Ko da an yarda da ƙa'ida ɗaya, akwai bambancin da ido ba ya gani. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa: “ɓ” ita ce U+0253, “ɗ” U+0257, “ƙ” U+0199, “ƴ” U+01B4. Kafin tsarin ya yaɗu, ofisoshi da dama sun yi aiki da zanen haruffa na musamman, inda ake buga wani harafi dabam ya fito a allo da lanƙwasa. Idan aka kwashe irin wannan rubutu zuwa wata na'ura sai lanƙwasar ta ɓace ko ta koma wata alama. Ɗaurin da ke gaban “y” yana da lamba fiye da ɗaya, ta miƙaƙƙen ɗauri dabam, ta lanƙwasasshe dabam. Harafin “é” na Bandé ana iya ajiye shi a matsayin harafi guda, ko a matsayin “e” da alamar da aka ɗora masa, kuma a allo kamarsu ɗaya. Haka nan tazarar da aka bari a ƙarshen suna, da karan ɗorin da ke cikin Dogo-Dogo, da babban baƙi ko ƙarami, kowanne yana iya raba layi da abokinsa, gwargwadon yadda aka saita rumbun.

5.4 Suna ɗaya, gari da yawa

Dalilai ukun da suka gabata suna raba abin da yake ɗaya. Na huɗu yana gama abin da yake dabam. Hausawa suna raɗa wa garuruwa suna da kalmomin da ake maimaitawa ko'ina: Sabon Gari, Tudun Wada, Unguwar Malam, da waɗanda ke farawa da Gidan ko Garin ko Rugar sai sunan wanda ya kafa su. Idan suna ɗaya ya fito sau uku a jadawalin garuruwa, ya fito sau biyu a na cibiyoyi, gami zai ba da layi shida, domin kowane ɗaya daga ukun zai haɗu da kowane ɗaya daga biyun. Illar kashi biyu ce. Jimillar mutane za ta ƙaru da abin da babu shi, sa'an nan garin da ba shi da aji zai bayyana da aji, domin ya ari na takwaransa. Wannan ya fi ɓacewar layi muni, tun da cikakken gami ma ba ya tona shi.

6.0 Gurbin wofi

Inda layi bai samu abokin haɗi ba, na'ura tana cike gefen da ya rage da wata alama da ake kira NULL, wadda za a iya kira gurbin wofi. Ma'anarta ita ce babu bayani, kuma ba ɗaya take da sifiri ba. Garin da aka rubuta wa sifiri a ginshiƙin ɗalibai mata gari ne da aka bincika aka tarar babu mace a aji. Garin da ke da gurbin wofi kuwa ba a san halinsa ba. Mai da gurbin wofi sifiri domin jadawali ya yi kyan gani yana mai da rashin sani ya zama hukunci.

Abubuwa uku ne ke biyo bayan wannan. Na ɗaya, gurbin wofi ba ya daidai da komai wajen gami, har da wani gurbin wofi. Cibiyar da aka bar mabuɗinta babu komai ba za ta haɗu da kowane gari ba. Na biyu, wajen fitar da matsakaici na'ura tana tsallake guraben wofi, saboda haka matsakaicin ɗalibai da ta bayar na garuruwa masu aji ne kaɗai, ba na dukkan garuruwa ba. Na uku shi ne tarkon da ya fi kama masu aiki: bayan an yi cikakken gami, sai a ƙara sharaɗi a ƙarshen tambaya cewa a fito da cibiyoyin wata shekara kaɗai. Garuruwa marasa aji ba su da shekara, gurbinsu wofi ne, sai sharaɗin ya zubar da su duka, a koma gidan jiya. Maganinsa shi ne a tace jadawalin cibiyoyi tukuna, kafin a gama shi da na garuruwa.

7.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ga matakan da suka kamata:

(a) A ba kowane gari lamba tabbatacciya wadda ba ta sauyawa, a buga ta a kan fom ɗin rahoton malamin aji. Kada lambar ta dogara ga gunduma, domin abin da ya faru a 2011 yana iya sake faruwa.

(b) A kafa jadawali na uku, na sunaye, inda kowace lamba ke da sunanta na takardun hukuma, da sunanta a daidaitacciyar Hausa, da duk wata kama da aka taɓa gani an rubuta ta da ita. Inda mazauna wurin Fulani ne ko Barebari, a ƙara sunan da su ke kiran garinsu da shi. Wannan aiki ne na masana harshe, kuma ba ya yiwuwa daga ofis; sai an je an ji sunan daga bakin mai gari da dattawa.

(c) Kafin a samu lamba, kada suna kaɗai ya zama mabuɗi. A haɗa shi da sunan ƙaramar hukuma, a kuma bincika ko ya maimaitu a cikinta.

(d) A fara kowane aiki da cikakken gami, a ƙirga kashi ukun da aka bayyana a 4.3, a rubuta yawan kowanne a cikin rahoto. Kada a ce gari ba shi da aji sai an gama bin layukan kashi na uku ɗaya bayan ɗaya.

(e) A kwatanta jimillar mutane kafin gami da bayansa. Idan ta ragu, an zubar da layi. Idan ta ƙaru, an ninka wani. Garin da ke da cibiya biyu zai fito sau biyu, don haka a tara cibiyoyin kowane gari su zama layi guda kafin a yi jimilla.

(f) Kada a gyara rubutun asali a inda yake. A bar shi yadda malami ya rubuta, a buɗe sabon ginshiƙi domin gyararren suna, saboda kamannin da ake ɗauka kuskure su ne shaidar karin harshen yankin.

8.0 Kammalawa

A jihar Damagaram ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ma'anar wannan ga rumbunan bayanai ita ce takardun da aka rubuta da Hausa za su riƙa haɗuwa da waɗanda aka gada da rubutun Faransanci, kuma kowace haɗuwa gami ce ta jadawali biyu. Umarnin da ke riƙe dukkan layuka gajere ne, ana koyonsa a yini ɗaya. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne jadawalin sunaye, wanda zai tabbatar wa na'ura cewa Bandé da Bande wuri ɗaya ne, Sabon Garin nan da na can kuma wuri biyu ne. Ƙaramar hukuma guda kamar Bande ta isa a fara gwada wannan aiki, a auna yawan layukan da ke ɓacewa kafin a kafa jadawalin da bayan an kafa shi, sa'an nan a faɗaɗa zuwa sauran ƙananan hukumomi goma na Magarya da Dungas.